Ɗigo Biyu a Kan Wasali: Bahaushe da Kalmomin Jamusanci Masu Kama da Juna

Ba dogayen kalmomin nan da ake tsorata mutane da su ne ke kayar da mai koyon Jamusanci ba. Kalma irin Krankenversicherung, wato inshorar lafiya, in ka daddatsa ta gunduwa-gunduwa, da kanta za ta gaya maka abin da take nufi: marasa lafiya a gaba, inshora a baya. Masu kayar da mutum ƙanana ne, kuma bibbiyu suke yawo. Schon na nufin "tuni", schön kuwa "kyakkyawa". Zahlen biyan kuɗi ne, zählen ƙirge. Stadt birni ne, Staat ƙasa ce da hukumarta. Mutum zai haddace su da dare, gari ya waye ya tarar sun cakuɗe masa, har ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa alhali ba laifinta ba ne.

Zancen ya matso kusa da mu a 'yan shekarun nan. A watan Maris na 2020 Jamus ta fara aiki da dokar da ta sauƙaƙa wa masu sana'a daga wajen Tarayyar Turai shiga ƙasar, a watan Yunin 2024 kuma ta ƙara da takardar da suke kira Chancenkarte, mai bai wa mutum damar zuwa neman aiki. Harshe ne ƙofar kusan kowace hanya: matakin A1 galibi ake nema ga mai bin miji ko mata, B2 ga ma'aikacin jinyar da ke son a amince da takardunsa. Yankinmu na Maƙarfi da Ikara da Kudan ba a noman rake da tumatir kaɗai ya tsaya ba. Kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan asibiti, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa a Zariya. Sai dai cibiyar Goethe, inda ake koyar da harshen ana kuma shirya jarrabawarsa, a Legas take. Saurayi ko budurwar da ke zaune a Gubuchi, in sun ɗauki niyyar koyo, waya ce malaminsu: darussan DW, bidiyon YouTube, da littafin rubutu mai bango ja ko shuɗi. Da ido ake yawancin karatun, kuma babu mai gyara baki.

Abin da nake so in kafa a nan shi ne, Bahaushe ya fi wanda Turanci kaɗai ya tashi da shi kayan aikin rarrabe irin waɗannan kalmomi. Rubutun boko ne ya koya masa jingine kayan.

Kunnen Bahaushe ba ya ruɗa garin da ake tuƙa tuwo da shi da garin da ake zama a ciki, domin wasalin farko na ɗaya dogo ne, na ɗayan gajere. Ba ya ruɗa kukan yaro da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki, domin karin sautinsu daban. Ya san baba, ya san babba. Ya san "ya tafi" na labari da "ya tafi" na umarni. Duk wannan yana cikin bakin yaro ɗan shekara biyar. Jamusawan da suka fara nazarin harshenmu sun sha fama da shi. Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, James Frederick Schön ya fitar da ƙamusunsa a 1876 bayan ya yi aiki da wani Bahaushe mai suna Dorugu, Adam Mischlich ya fitar da nasa a 1906 da taimakon Imam Umaru na Kete-Krachi, amma sai a ƙamusun Bargery na 1934 aka samu babban littafin da ya bi kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya yana nuna tsawon wasali da karin sauti. Abin da ya ɗauki masana Turai shekaru masu yawa, mu da shi aka yaye mu.

To amma ƙa'idar rubutunmu ta yau da kullum ba ta nuna tsawon wasali, ba ta nuna karin sauti. An bar wa mai karatu ya gane daga zubin magana, kuma yana ganewa. Baƙaƙe masu ƙugiya su ne suka samu shiga, tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 ta zaunar da su a idon jama'a. Su ma waya ta zo ta share su. Mutum zai rubuta "kasa" yana nufin ƙasa, "bata" yana nufin ɓata, "kaya" yana nufin ƙaya, kowa ya fahimta. Allunan gefen hanya ma Makarfi suke rubutawa, mu muna cewa Maƙarfi. Da haka idonmu ya ɗauki wani darasi mai haɗari: ƙananan alamomi ado ne, ko babu su magana za ta fita. Da wannan idon ne ake buɗe littafin Jamusanci, sai a ga ɗigo biyu a kan o, a wuce.

Jamusanci bai yarda da wannan ba. Ɗigo biyun, da suke kira Umlaut, wani wasali ne dabam suke nunawa. Asalinsu ƙaramin e ne da marubutan dā ke ɗorawa a kan wasali, shi ya sa har yau in babu halin sa ɗigon, ae da oe da ue ake rubutawa: Müller ya koma Mueller, ba Muller ba. Dalilin sauyin sautin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. A tsohon Jamusanci jam'in gast, wato baƙo, gesti ne. Wasalin i na ƙarshe ya janyo na farko zuwa gaban baki, daga baya shi kansa ya raunana, ya bar tabonsa: Gast, Gäste. Mu ma i da e suna taɓa maƙwabcinsu, sai dai baƙi suke taɓawa: mota, motoci, gida, gidaje, ƙasa, ƙasashe. Wanda ya gane cewa sauyin yana da tsari zai daina ganin kalmomin a matsayin tarko, ya fara ganin dangi: Mutter uwa, Mütter iyaye mata, Bruder ɗan'uwa, Brüder 'yan'uwa maza. A irin waɗannan, ɗigon kaɗai ne ke raba tilo da jam'i. Haka kuma shi ke raba abin da ya faru da abin da ake fata ko roƙo. Ich hatte, ina da shi a dā. Ich hätte, da ina da shi. Ich konnte, na iya. Ich könnte, da zan iya. Wanda ya shiga kanti ya ce hatte a inda ake cewa hätte ya ba da labari ne maimakon ya nemi kaya cikin ladabi.

Furucin ma bai kai yadda ake zuzuta shi wuya ba. Ka ce "i", ka riƙe harshenka a nan, ka zumɓura leɓɓa kamar za ka ce "u": ga ü. Ka ce "e", ka zumɓura leɓɓa kamar za ka ce "o": ga ö. In ba a yi wannan ba, bakinmu zai tura sautin zuwa mafi kusa da shi, sai Tür, ƙofa, ta koma Tier, dabba. Lügen, yin ƙarya, ya koma liegen, kwanciya. Können, iyawa, ya koma kennen, sanin mutum. A waya kuwa ba sai an sayi komai ba. Ka ɗora yatsa a kan o ka ɗan jinkirta, ƙaramin akwati zai ɓullo da ö a ciki, ka zame yatsan kansa. Wanda ya ɗora wa kansa wannan 'yar wahalar a kowane saƙo, hannunsa zai riƙe abin da idonsa ke mantawa.

Akwai kuma wani idon da yawancinmu muka mallaka tun kafin boko, shi ne na makarantar allo. Yaro ya rubuto allonsa ya durƙusa gaban malam. Malam ya karɓa ya karkata shi wajen haske, ya bi layi da bakin alƙalami, ya tsaya. Babu kalmar da ta ɓace, ɗigo ɗaya ne ya hau sama maimakon ya sauka ƙasa. Ya tsoma alƙalami a tawada ya gyara, ya sa yaro ya sake biyawa. A rubutun Warshu da muka gada, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya ne a sama. Ba da ta da nun kuwa, a tsakiyar kalma, jikinsu guda, ɗigo ne ke raba su. Ba wanda ya wuce babbaƙu da farfaru da zai ce ɗigo ado ne. Wannan tarbiyyar ce ya kamata a ɗauko a kawo kan Jamusanci, ba sakacin da muka saba da shi a WhatsApp ba.

Tsawon wasali shi ne inda muke da riba, kuma shi ne inda muke da wani rauni da ban taɓa ganin littafin koyo ya ambata ba, domin ba don Hausawa aka rubuta littattafan ba. Miete kuɗin haya ne, Mitte tsakiya. Ofen murhu ne, offen a buɗe. Bieten tayi ne, bitten roƙo. Höhle kogo ne, Hölle wutar lahira. Waɗannan ba sa ba mu wuya. Jamusawa suna ninka baƙi ne don su nuna wasalin da ya gabace shi gajere ne, ba don a ƙarfafa baƙin kamar mai shadda ba, amma ko mun ƙarfafa shi mun dace, tunda wasalin zai gajarce. Matsalar tana cikin rufaffiyar gaɓa. Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da baƙi ya rufe: wasalin ƙarshe na "gida" dogo ne, da ka ce "gidan" ya gajarce ba tare da ka sani ba. Saboda haka bakin Bahaushe zai mayar da Staat ta zama Stadt, ihn ta zama in, wen ta zama wenn, Beet, wato fangalin lambu, ta zama Bett, gado. Nan sai an tsaya an yi horo na musamman. Wanda ya yi tajwidi ya riga ya iya jan madda kafin baƙi mai ɗauri a wurin tsayawa. Wannan jan ne ake buƙata a Staat.

Baƙaƙe ma haka suke, wasu namu ne, wasu sai an nemo. Reisen tafiya ce, reißen yagewa, reizen tsokana ko jan hankali. Na farko da z ɗinmu ake faɗinsa, na biyu da s, na uku da sauti mai kusa da ts. Masu Turanci suna wahala da na ukun, musamman in ya zo a farkon kalma kamar Zeit, lokaci. Mu da muke cewa tsuntsu da tsintsiya sai dai mu ɗan sassauta maƙogwaro. Nacht, dare, da nackt, tsirara, suna rabuwa ne da sautin da ke farkon sunan Khadija in an faɗe shi yadda Larabci ke so. Inda muke da aiki shi ne p da f, da kuma w ɗinsu, wanda ake yi da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Pass fasfo ne, Fass ganga. Wein giya ce, Bein ƙafa. Wand bango ne, Band zare ko ɗauri. Madubi ya isa malami a nan: in leɓɓanka biyu sun haɗu, b ka faɗa. Sai kuma ie da ei, waɗanda Turanci ne ke juya mana su. Ie dogon i ne, ei kuwa "ai" ce kamar ta aiki. Lied waƙa ce, Leid baƙin ciki. Biene ƙudan zuma ne, Beine ƙafafu. Ka rubuta "ai" da jan biro a saman kowace ei har sati biyu ko uku, za ta zauna.

Wurin da ya fi faranta mini rai shi ne aikatau, domin nan ne Hausa da Jamusanci suka yi tunani iri ɗaya. Littattafan da aka rubuta da Turanci suna jera liegen da legen, sitzen da setzen, trinken da tränken, sinken da senken, su cika shafi da bayani. Bahaushe layi ɗaya ya ishe shi. Liegen kwanta, legen kwantar. Sitzen zauna, setzen zaunar. Trinken sha, tränken shayar, kamar yadda ake shayar da dabba. Sinken sauka, senken saukar. Aufwachen farka, aufwecken farkar. Lernen koya, lehren koyar. Kaufen saya, verkaufen sayar. Ɗaya kai ne kake yi, ɗayan kana sa wani ko wani abu ya yi. Abin da muke yi da "-ar" a ƙeyar kalma, su galibi da sauya wasalin tsakiya suke yi. Ma'aikaciyar jinya za ta ce Der Blutdruck sinkt, hawan jini yana sauka. Das Medikament senkt den Blutdruck, magani yana saukar da shi. Za ta ce Der Patient liegt im Bett, mara lafiya yana kwance a gado; Ich lege das Kind ins Bett, ina kwantar da yaro a gado. Har bambancin im da ins ya biyo wannan rabon, ɗaya na inda abu yake, ɗayan na inda ake kai shi. Shi ya sa nake ganin asara ce babba ɗalibinmu ya riƙa rubuta ma'anar kalmomi da Turanci a littafinsa. Turanci yana da kalmomi biyu marasa dangantaka na saye da sayarwa, haka na koyo da koyarwa, don haka zumuncin da ke tsakanin kalmomin Jamusancin yakan ɓace a hanya. Da Hausa aka rubuta, da an gan shi ƙuru-ƙuru.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Ɗafa-goshin Jamusanci ba kullum yake bin hanya ɗaya ba. Suchen nema ne, besuchen ziyara, versuchen gwadawa, untersuchen duba mara lafiya ko bincike. Schreiben rubutu ne, unterschreiben sa hannu, beschreiben siffantawa, verschreiben rubuta wa mutum magani. Hören ji ne, zuhören sauraro, amma gehören mallaka ce, aufhören dainawa. Ver ɗin da ya mayar da saye ya zama sayarwa, shi ne a sich verlaufen ya zama ɓatan hanya. Waɗannan ba a cinko su da ƙa'ida, kowanne sai an haddace shi cikin jimlarsa. Akwai ma waɗanda rubutunsu ɗaya ne sak, nauyin murya ke raba su. Umfahren in ka danna um, ka banke abu da mota. In ka danna fah, ka kewaye shi. Kunnen da ke raba wuyan riga da wuyar aiki ba zai kasa wannan ba, muddin an gaya masa ya saurara.

Turanci yana da nasa ramukan, kuma sanannu ne: Gift guba ce, bekommen samu ne, wer "wa", wo "ina". Jinsi ma yana raba wasu: der Leiter shugaba, die Leiter tsani, die Steuer haraji, das Steuer sitiyari, der See tafki, die See teku. Maganinsa shi ne kada a taɓa haddace suna ba tare da der ko die ko das ɗinsa ba. Mu da muka saba cewa rana ta fito, wata ya tsaya, batun jinsin abu marar rai ba ya ba mu mamaki, kuma a waɗannan biyun ma mun yi daidai da su: die Sonne, der Mond.

Lissafi ne ba na so a yi wa sakaci, musamman ga mai shirin aikin asibiti. Fünfzehn 15 ne, fünfzig 50. Vierzehn 14, vierzig 40. A Hausa "sha biyar" da "hamsin" ba su haɗa hanya ba, a nan kuwa 'yar gaɓar ƙarshe ce kawai, kuma ita ce ake haɗiyewa cikin sauri. Ƙari a kan haka, suna fara faɗin ɗaiɗai kafin gomiya, kamar Larabci: siebenundfünfzig, bakwai da hamsin, wato 57, wanda hannu mai gaggawa zai rubuta 75. Halb drei kuma ƙarfe biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba. Ba kunya ba ce a ce wa mai magana ya maimaita lamba ɗaya-ɗaya. Su kansu Jamusawa sukan ce zwo a waya don kada zwei ta yi kama da drei.

Ta yaya za a koye su? Abin da ke zuwa wa mutum da farko shi ne ya ja layi a tsakiyar shafi, ya jera tagwayen hagu da dama, ya yi ta biyawa. Ban goyi bayan wannan ga sabon shiga ba. Masana koyon kalmomi, irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun daɗe suna gargaɗin cewa koyon kalmomi masu kusanci a zama ɗaya yana sa su manne da juna a ƙwaƙwalwa, mutum ya tuna su biyun amma ya rasa wacce ce wacce. Tsangayunmu sun riga sun bi hanyar da ta fi. Ba a zaunar da kolo a ce ya rarrabe ayoyi masu kama da juna. Sai ya haddace kowacce a mazauninta, ta bi bakinsa, sa'annan a matakin gardi ya fara jera su yana lura da inda suka rabu. Haka ya dace a yi a nan. Ka ɗauki zahlen ita kaɗai, cikin jimlar da za ka buƙata, Ich möchte zahlen, ina so in biya. Ka yi ta amfani da ita har ta zama taka. Ranar da zählen ta zo, za ta tarar da gurbin a cike, sai ta nemi nata. A lokacin ne jeri bibbiyu ke da amfani, kuma da murya za a yi shi: ka naɗi kanka a waya, ka saurara, ka gwada da muryar ɗan harshen.

Akwai rukunin ƙarshe da kunne ba ya taimako a cikinsa ko kaɗan, domin furucinsu ɗaya ne: mehr, ƙari, da Meer, teku; Lehre, koyarwa, da Leere, wofi; seit, tun, da seid, "kuna" ko "ku ne". Gyaran ƙa'idar rubutu na 1996 ya daidaita wasu abubuwa, ya ce ß ta zo bayan dogon wasali ko tagwan wasali, ss bayan gajere, kamar a Maße, awo, da Masse, tarin abu, ko da yake mutanen Suwizalan ba sa amfani da ß, ss suke rubutawa duka. Amma bai raba das da dass a kunne ba, kuma har 'ya'yan Jamusawa suna tuntuɓe a kansu a makaranta. Su dabarar da ake koya musu ita ce su gwada sa dieses ko welches a gurbin, in ta shiga to s ɗaya ce. Tamu ta fi sauƙi. Ka mayar da jimlar Hausa a zuciyarka, duk inda "cewa" ta zauna daidai, dass ce mai s biyu. Ich weiß, dass das Zuckerrohr reif ist: na san cewa raken ya ƙosa. Ta farkon ita ce "cewa", ta biyun kuwa ta raken ce.